Filin Tambayi Lauya: Hukuncin Dattawan Maya da Zauren Mai Unguwa

Jama'a, assalamu alaikum. A fitowar da ta gabata, ina cikin amsa wata tambaya kan rikicin iyakar gona, sai na yi ratse na ce a ƙasar Gwatemala akwai dattawan gari da kan yanke hukunci, kotun gwamnati kuma ta ce ya zauna. Layi biyu ne kacal, amma wasiƙun da suka jawo sun fi na gonar yawa. Ga waɗanda na zaɓa. Na rage tsawon wasu, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Barista, ni mai unguwa ne a Rigasa. Wani saurayi ɗan shekara ashirin ya ɗauke keken ɗinkin maƙwabciyarsu, bazawara mai marayu huɗu, ya sayar. Aka kawo shi gabana. Na tara ubansa da liman da mai keken da wanda ya saya. Yaro ya amsa laifinsa, keke ya dawo, uban ya mayar wa mai saye kuɗinsa, ni kuma na sa shi yasar kwatar layin na mako biyu. Kowa ya yi na'am, aka shafa fatiha aka watse. Bayan kwana goma sai ga 'yan sanda, ashe ƙanen matar ya kai ƙara ba da saninta ba. Yanzu yaron yana hannu, ana maganar kotu. Shin aikin da na yi ya tashi a banza ke nan? Kuma waɗancan mutanen da ka ambata, yaya suka yi har gwamnati ta san da zamansu?
Daga wani mai unguwa, Rigasa.

AMSA: Ranka ya daɗe. Bari in fara da mai ɗacin. A wurin mutanen layinku ka gama shari'a, amma a wurin kundin tsarin mulkin 1999 ba a ma fara ta ba. Sashe na 36, ƙaramin sashe na 9, ya hana a yi wa mutum shari'a sau biyu kan laifi ɗaya, da sharaɗin ta farkon kotu ce mai hurumi ta yi ta. Zaurenka ba ya cikin lissafin. Ƙaramin sashe na 12 kuma ya ce ba a kama mutum da laifi sai in laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka, wato al'ada ba ta da bakin hukunta laifi a Najeriya. Yasar kwatar nan, da yaron ya ce ba zai yi ba, babu dokar da za ta tilasta shi.

Kada ka naɗe hannu dai. Mai keken ita aka cuta, ba ƙanenta ba. Ka ɗauke ta da uban yaron da liman, ku ga mai gabatar da ƙara tun kafin ranar zama. In an riga an shiga kotu, ta miƙe ta gaya wa majistare da bakinta cewa kayanta sun dawo, ta kuma yafe. Doka ta bar ƙofar sasanci a ƙananan laifuffuka, kuma majistaren da fayil ya yi wa tsibi a tebur ba ya ƙin a rage masa ɗaya. Ko bai kori ƙarar ba, zai duba wannan wajen beli da wajen sassauci. Sai dai ka sani roƙo za ka je yi.

Yanzu ga labarin mutanen. Gwatemala tana Amurka ta Tsakiya, kudu da Meziko. Ƙidayarsu ta 2018 ta nuna kusan kashi 42 cikin ɗari na jama'ar ƙasar 'yan asalin Maya ne. Ba ƙabila ɗaya ba ce, harsunansu 22 ne, manya daga ciki su ne K'iche', Q'eqchi', Kaqchikel da Mam. Sifaniyawa sun shigo musu da yaƙi a 1524. Da suka ci ƙasar sai suka ga ba za su iya bin kowane ƙauye a kan tsauni su mulke shi da kansu ba, suka bar wa garuruwan 'yan ƙasa majalisunsu da shugabanninsu, muddin haraji da aikin tilas suna zuwa. Duk wanda ya san yadda Gwamna Lugga ya yi da sarakunanmu ya gane dabarar.

Majalisun nan ba su mutu ba. A garuruwan Sololá da Chichicastenango har gobe akwai shugabancin 'yan ƙasa a gefen ƙaramar hukumar gwamnati. Wanda ya fi suna shi ne na Totonicapán, da ake kira Gundumomi 48. Kowace shekara jama'ar gunduma kan taru su zaɓi waɗanda za su riƙe musu al'amura. Babu gado, babu albashi, kuma shekara ɗaya ce. Wanda aka zaɓa zai rage wa gonarsa ko masaƙarsa ko shagonsa lokaci ya yi wa gari hidima, a damƙa masa sandar mulki, in shekara ta zagayo ya miƙa ta ga wani. Su ke tsaron dajin gari da idanun ruwa, su ke gyaran hanya, su ke raba faɗa. A nan suka bambanta da mu. Kai daga sama aka naɗa ka, kuma sai mutuwa ko tuɓewa. Shi kuwa ya san baɗi talaka ne kamar kowa, watakila ma ɗan'uwan wanda ya hukunta bana ne zai riƙe sandar. Wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya auna bakinsa.

Zamansu ba zai ba ka mamaki ba. A bainar jama'a ake yi, da harshen gari. Ana kiran wanda ake tuhuma tare da iyayensa, don laifin ɗa abin kunyar gida ne. Kowa ya faɗi nasa, wani lokaci a kwashe yini guda ana abu ɗaya. In ya amsa, dattawa su yi masa doguwar nasiha, ya nemi gafarar wanda ya cuta, sau da yawa a durƙushe, ya biya abin da ya ɓata, a ɗora masa aikin gayya. A wasu garuruwan, musamman yankin Quiché, ana haɗa masa da tsumagiya. In abu ya yi tsanani ana korar mutum daga gari. Ɗaurin shekaru ba ya cikin tsarinsu, hujjarsu kuwa ita ce wanda ke kurkuku ba ya biyan kowa komai, ga iyalinsa an bari da yunwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne kundin tsarin mulkinsu na 1985, wanda ke magana da baki biyu. Sashe na 66 ya ce gwamnati ta amince da al'adun 'yan asalin ƙasa da tsarin zamansu, tana kuma girmama su. Sashe na 203 ya ce yin shari'a aikin Kotun Ƙoli ne da kotunan da doka ta kafa, su kaɗai. Ana tsakiyar yaƙin basasa aka rubuta shi, yaƙin da ya fara a 1960 bai ƙare ba sai Disambar 1996, ya ci mutum wajen 200,000 tsakanin waɗanda aka kashe da waɗanda aka ɓatar. Hukumar binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaya wa ta ba da rahoto a 1999 cewa kashi 83 cikin ɗari na waɗanda aka tantance mutanen Maya ne, kuma a wasu yankuna sojoji kisan ƙare dangi suka yi. Cikin yarjejeniyoyin da suka kai ga sulhu akwai ta Maris na 1995, inda gwamnati ta yi alkawarin neman dokar da za ta bar al'ummomin nan su tafiyar da harkokinsu na cikin gida bisa al'adarsu. A 1996 kuma ƙasar ta amince da Yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce a mutunta hanyoyin da 'yan asalin ƙasa ke bi wajen hukunta laifin 'ya'yansu, muddin ba su ci karo da dokar ƙasa da haƙƙin ɗan Adam ba.

Gyaran kundin bai yiwu ba. A Mayun 1999 aka kai shi ƙuri'ar raba-gardama tare da tarin wasu gyare-gyare. Waɗanda suka fito ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba, kuma masu cewa a'a suka rinjaya. Aka sake gwadawa a 2016, cikin wani babban ƙudirin gyaran ɓangaren shari'a. Ƙungiyar manyan 'yan kasuwa da 'yan majalisa da dama suka yi tsalle suka dire, wai ƙasa ɗaya ba ta zama da doka biyu, kuma masu zuba jari za su gudu. Da dattawan suka ga ana fakewa da maganarsu don a binne ƙudirin baki ɗaya, sai a Maris na 2017 suka ce sun janye buƙatarsu, a wuce da sauran. Sauran ma ba su wuce ba.

Abin da majalisa ta hana, kotuna ne suka riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan. A 2003, a ƙauyen Chiyax na Totonicapán, aka kama mutum uku da zargin yunƙurin sata a wani gida, saura ƙiris jama'a su gama da su. Aka miƙa su ga hukuma, daga baya alƙalin gwamnati ya yarda a mayar da maganar hannun dattawa. Suka zauna a gaban jama'a, suka yanke musu aikin gayya na kwana 30. A 2004 sai ga wadda ta yi kama da taka. Wani mutum a yankin Quiché garinsu ya riga ya hukunta shi kan fashin mota, bayan ya amsa laifi a gaban jama'a, sai kotun gwamnati ta sake ɗaukar maganar ta ɗaure shi. Kotun Ƙoli ta rushe ɗaurin, ta ce ba a hukunta mutum sau biyu, kuma na farkon ma hukunci ne. Ta jingina da Yarjejeniya ta 169, saboda sashe na 46 na kundinsu ya fifita yarjejeniyoyin haƙƙin ɗan Adam a kan dokokin cikin gida.

Don haka kada ka yi musu kallon waɗanda suka haye tudun mun tsira. Sashe na 203 yana nan yadda yake. Abin da ke hannunsu hukunce-hukuncen manyan kotuna ne, kuma mai gabatar da ƙara a wani gari yana iya yin kamar bai san da su ba, ya tuhumi dattijo da duka ko tsare mutum ba bisa doka ba. Ƙarfinsu na gaske jama'a ne. A Oktoban 2023, da ofishin babbar mai gabatar da ƙara ta ƙasa ya yi ta neman hanyar da zai hana zaɓaɓɓen shugaba Bernardo Arévalo karɓar mulki, Gundumomi 48 da takwarorinsu ne suka kira jama'a aka rufe manyan hanyoyi, suka yi zaman dirshan na kwana 106 a ƙofar ofishin har aka rantsar da shi a Janairun 2024. A Afrilun 2025 aka kama wanda ya shugabance su a lokacin, Luis Pacheco, bisa tuhumar ta'addanci.

TAMBAYA: Barista, ina shekarar ƙarshe a karatun lauya. Ni a ganina abin da mutanen Maya ke nema mu mun daɗe da samunsa, tunda kotunan Musulunci da na al'ada suna cikin kundinmu. Ko ba haka ba? Ina so in rubuta bincikena na kammalawa a kai.
Daga wata ɗaliba, Zariya.

AMSA: 'Yata, a takarda kam mun yi musu nisa. Sashe na 275 zuwa 279 ya tanadi Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ga duk jihar da ke so, na 280 zuwa 284 kuma ya tanadi ta al'ada. Jiharmu ta Kaduna ma misali ce mai kyau. Bayan jinin da aka zubar a Fabrairun 2000 kan batun shari'a, gwamnatin Ahmed Makarfi ta rushe kotunan yanki a Nuwamban 2001, ta kafa kotunan shari'a da na al'ada a madadinsu, majistare yana nan inda yake. Yau mutumin Kawo zai kai maganar aurensa ko gadonsa gaban alƙali a Magajin Gari, ɗan Bajju ko Atyap ko Ham kuma ya kai tasa kotun al'ada. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma da tsada muka saye shi.

Amma ki tambayi kanki abu uku: wa ke naɗa alƙalin, wa ke biyansa, wa ke iya korarsa? Amsar duka ɗaya ce, gwamnati. Mu hanyar da aka bi aka amince da namu ita ce aka karɓe shi. Turawa sun fara da dokokin kotunan gargajiya na 1900 da 1906, suka bar alƙalai a kujerunsu, amma suka ce duk hukuncin da ya saɓa wa adalci da sanin ya kamata, a ma'auninsu, ba zai zauna ba. Wannan ma'aunin yana nan a dokar shaidarmu har yau. A 1960 aka kawo Final Kod, wato kundin hukunta laifuffuka na gwamnati, alƙali ya daina ɗauko hukuncin laifi daga littattafan Malikiyya, ya koma kundi. A lokacin ne aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a nan Kaduna, wadda Sheikh Abubakar Gumi ya zama Alƙalin Alƙalanta daga 1962 zuwa 1967. Tsakanin 1967 da 1968 kuma gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta cire na alƙalai daga hannun En'e, wato hukumar mulkin sarakuna, ta mayar da su ƙarƙashin gwamnatin jiha. Daga ranar, sarki da hakimi da dagaci da mai unguwa ba su da ikon shari'a ko na anini, kundin 1999 ma bai ba su wani aiki ba.

Ba ina kukan zamanin En'e ba ne. Ki tambayi duk wani tsohon ɗan NEPU da ya rage abin da kotunan nan suka yi wa mabiya Malam Aminu Kano, bulala da ɗauri da sunan zagin sarki. Da dalili aka karɓe su.

Mutanen Maya ba kotun gwamnati mai aiki da al'adarsu suke nema ba. An gwada musu wannan a ƙarshen shekarun 1990, aka buɗe kotunan sulhu na al'umma a ƙananan hukumomi biyar, da alƙalai 'yan gari masu jin harshen, amma ɓangaren shari'a na gwamnati ke naɗawa yana biya. Ƙungiyoyinsu suka ce wannan ta gwamnati ce. Abin da suke so shi ne wanda gari ya zaɓa, da hanyar da gari ya sani, in ya yanke hukunci gwamnati ta ɗauke shi hukunci. In kina neman takwaransu a nan, ba alƙalin Magajin Gari ba ne, mai unguwar da ya rubuto daga Rigasa ne.

Ki kuma kiyaye kada ki zuba shari'ar Musulunci da al'ada a buhu ɗaya, kamar yadda Turawa suka yi. Kotun Ƙolinmu ta raba su a shari'ar Alkamawa da Bello a 1998. Ta Musulunci a rubuce take, alƙalin Zariya da na Sakkwato Risala da Muhtasar ɗaya suke buɗewa. Ta Maya a bakin dattawa take, kuma ta wannan gari ba lallai ta zama ta wancan ba. In za ki faɗaɗa, ki duba sashe na 246 na kundin Kolombiya na 1991, da kundin Bolibiya na 2009 wanda ya ce shari'ar 'yan ƙasa da ta gwamnati matsayinsu ɗaya, sannan dokar 2010 ta zo ta datse mata fiffike.

Da ni ne ke, ga abin da zan kare a babin ƙarshe. Jiha ta yi dokar da za ta ba mai unguwa damar kai takardar sulhun ƙaramin laifi kotu mafi kusa a yi mata rajista. A ba kowane ɓangare 'yan kwanaki ya ce bai yarda ba. In wa'adin ya wuce, magana ta rufu, ɗan sanda ba zai sake tono ta ba. A kuma jera laifuffukan da zaure ba zai taɓa ba. Na ga wata tsohuwa a barandar wata kotun majistare tana zarya kan injin markaɗen da aka sace mata. Injin yana ɗakin ajiyar shaida yana tsatsa, ita tana zaune a benci da takardar ranar zama a ƙulle a gefen mayafi, duk zuwa a ce an ɗage, har kuɗin motar da ta kashe ya kusa sayen wani. Mu lauyoyi ba mu cika son wannan maganar ba, don duk rigimar da ta mutu a zaure kuɗi ne da bai shigo aljihunmu ba.

TAMBAYA: Barista, ni ban yarda da yabon dattawan nan ba. A unguwarmu an yi wa yarinya 'yar shekara tara fyaɗe. Dattawa suka zauna suka ce a rufa asiri, aka ba uban kuɗin magani, magana ta mutu. Mutumin yana nan yana yawonsa, har sahun gaba yake shiga. In aka ba irin waɗannan ikon shari'a, ina 'ya'yanmu mata za su sa kansu?
Daga wata malamar makaranta, Tudun Wada.

AMSA: Malama, ina bayanki, kuma tambayarki ita ce ta fi kowace wuya a can ma. Hukuncin da lauyoyin Gwatemala suka fi kafa hujja da shi a kan fyaɗe ne. A Comitancillo, garin 'yan Mam a lardin San Marcos, wani yaro matashi ya yi wa ƙaramar yarinya. Shugabannin gari suka zauna, suka sa ya durƙusa ya nemi gafara, iyayensa suka yi masa bulala, aka ɗora wa gidansu kuɗin magani. Masu gabatar da ƙara suka ƙi yarda, magana ta hau har Kotun Tsarin Mulki. A Maris na 2016 kotun ta ce hukuncin gari ya zauna. Ta kuma gindaya abin da za a riƙa dubawa: mutanen 'yan al'ummar ne, a ƙasarsu abin ya faru, akwai shugabanci sananne mai hanyar da aka saba bi, kuma lamarin ya shafi al'ummar, sannan kada a take haƙƙin ɗan Adam.

Masu fafutuka sun yi murna, don ranar ce babbar kotu ta faɗa ƙarara cewa ƙasar tana da tsarin shari'a fiye da ɗaya. Ni da na karanta, yarinyar na yi ta tunani, wadda za ta ci gaba da haɗuwa da shi a hanyar ɗiban ruwa. Gaskiya ne shi ma yaro ne, gaskiya ne kuma kotun gwamnati ba ta yi wa matan Maya abin a zo a gani ba: nisa, kuɗin mota, ga shari'a da Sifaniyanci wanda da yawansu ba sa ji sosai. Matan Q'eqchi' na Sepur Zarco, waɗanda sojoji suka mayar bayin kwanciya a farkon shekarun 1980, sai a Fabrairun 2016 suka ga an ɗaure mutum biyu a kan maganarsu, bayan fiye da shekara 30. Matan Maya da kansu suna wannan faɗan daga ciki, kuma yanzu suna riƙe sanda. A 2012 mace ce ke shugabantar Gundumomi 48. Duk da haka ra'ayina bai canza ba. Zaman da aka gina don a maido da zumunci tsakanin gida biyu, in aka kawo masa fyaɗe, zumuncin zai duba, yarinya kuwa ba ta da bakin magana a taron maza. Bolibiya ta cire fyaɗe da kisa da cutar da yara daga hannun shari'ar 'yan ƙasa a dokar nan ta 2010. Kotun Tsarin Mulkin Ekwado ta cire kisan kai a 2014. A ganina sun yi daidai.

A nan gida kuwa babu ma gardama. Fyaɗe ba ya cikin laifuffukan da ake sasantawa. Abin da dattawanku suka yi bai rufe ƙofar ƙara ba, su kansu suna iya fuskantar tuhumar ɓoye mai laifi. A Satumban 2020 Jihar Kaduna ta tsananta dokar har ta kai ga dandaƙa da kisa ga wanda ya yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14. Ina da shakku kan ko tsananin ya taimaka, don in mai laifin kawu ne ko maƙwabci, jin cewa ransa ne a kai yana ƙara sa dangi su yi gum. Ki samu uwar yarinyar ita kaɗai, ba a gaban mijinta ba. Ku fara da cibiyar Salama mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, irin wadda ke Asibitin Gwamna Awan a Kakuri, a duba lafiyar yarinyar a kuma rubuta rahoto. Daga nan ku nemi ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA su raka ku wurin 'yan sanda. Kada ki je ke kaɗai ki tunkari mutumin.

TAMBAYA: Barista, to ai mu ma a tasha in aka kama ɓarawon waya hukuncin jama'a muke yi masa. Ba shi ke nan ba?
Daga wani direban Keke Napep, Kawo.

AMSA: Malam, ba shi ba ne. Bayan sulhun 1996 an yi ta dukan waɗanda ake zargi da ƙona su a Gwatemala, tawagar Majalisar Ɗinkin Duniya da ke ƙasar ta ƙirga ɗaruruwa. Mutanen birni suka riƙa cewa ga shari'ar Maya nan. Da aka bi diddigi sai aka ga abin ya fi yawa a yankunan da yaƙi ya fi yi wa ɓarna, inda sojoji suka kashe dattawa ko suka ture su, suka tilasta wa maza shiga ƙungiyoyin sintiri, suka koya musu azabtar da mutum a dandalin gari. Totonicapán da Sololá, inda shugabancin gargajiya ke da ƙarfi, suna cikin lardunan da kisan kai ya fi ƙaranci a ƙasar.

A zaman dattawa an san wanda ya yanke hukunci, wanda ake tuhuma ya yi magana, iyayensa suna wurin, gobe kuma ana iya zuwa a tambayi mai sanda dalilinsa. A tasha wa za a tambaya? Wani ya yi ihun ɓarawo, shi ke nan. Haka aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta Jihar Edo a Maris na 2025, suna hanyar komawa gida Kano, kuma duk mun san yadda abin ya yi mana ciwo. In wanda kuka tara wa hannu ya mutu, duk wanda ya ɗaga gora yana iya amsa tuhumar kisan kai. Ku riƙe shi a ofishin shugaban tasha, a kira 'yan sanda.

TAMBAYA: Barista, shugabannin layinmu a Kasuwar Barci sun raba mu da abokin cinikina kan kuɗin dila biyar ta gwanjo. A gabansu ya yarda zai biya cikin wata uku. Yanzu ya ce shi sai kotu. Hukuncinsu yana da ƙarfi?
Daga wani ɗan kasuwa, Tudun Wada.

AMSA: Alhaji, kai kam ka taki sa'a, don taka ba maganar laifi ba ce, ta bashi ce, kuma a nan doka ta san da zaman dattawa. Tun shari'ar Agu da Ikewibe a 1991 Kotun Ƙoli ta ce sulhun gargajiya yana ɗaure waɗanda suka shiga shi. Abin da kotu za ta nema ka nuna shi ne: ku biyun da kanku kuka kai maganar, kun yarda abin da aka yanke zai hau kanku, an bi al'adarku ko ta sana'arku, an yanke an kuma sanar, sannan ba wanda ya yi tutsu a lokacin da aka yanke. Na ƙarshen nan shi abokinka zai nemi ya kama, ya ce tun a wurin bai amince ba. In gaban alƙali kuka je ma, sulhun da aka tabbatar da shaidu ba a warware shi don ɗaya ya sake shawara.

Ka koma wurin shugabannin tun ba su manta ba. Su rubuta abin da ya gudana: ranar zama, wurin, sunayen waɗanda suka halarta, adadin kuɗin da lamba da kuma kalmomi, wa'adin biya, da abin da abokin naka ya faɗa da bakinsa lokacin da aka yanke. Su sa hannu, a buga hatimin ƙungiya in akwai. In ya taɓa turo maka wani abu daga cikin kuɗin bayan zaman, ko ya aiko saƙon WhatsApp yana neman ƙarin lokaci, kada ka goge, wannan ya fi shaidu uku amfani. Ka yi kwafi, ka bar na asali a gida, ba a shago ba.

A fitowa ta gaba za mu duba tambayoyin da suka taru kan ƙarin kuɗin haya da takardar tashi.